Ɗalibaina Suna Cin Jarrabawar Faransanci Amma Ba Sa Iya Magana: Ina Gyaran Yake?

"Assalamu alaikum Malam. Shekarata biyu ina koyar da Faransanci a sakandare. Ɗalibai 60 ne a ajina, darasi 3 a mako, kowanne minti 40. Yaran suna haddace jadawalin aikatau, suna cin jarrabawa, amma da zarar na yi tambaya da Faransanci sai kowa ya sunkuyar da kai. Kwanan baya na je wata bita, aka ce mu daina koyar da nahawu, kada mu furta ko kalma ɗaya ta Hausa a aji, mu bar yara su yi ta hira a tsakaninsu. Na gwada mako biyu, aji ya koma kasuwa, kuma da Hausa suke surutun. Don Allah wace hanya ce ta fi dacewa da koyar da baƙon harshe, kuma yaya zan yi aiki da ita a aji irin nawa?"

Wa alaikumus salam Malama, sannu da fama. In na fahimce ki daidai, abu biyu ne ke damunki. Yaran sun san dokokin harshen amma bakinsu bai buɗe ba, sannan maganin da aka ba ki a wajen bita ya zo ya ƙara wa ciwon zafi, har kin fara zargin kanki. Na shafe shekara 20 da ɗoriya ina koyar da Faransanci, daga baya kuma ina zama a bayan aji ina duba malamai masu sanin makamar aiki, kuma wannan kukan naki na ji shi daga bakin masu koyar da Larabci da Turanci da Jamusanci. Duk abin da zan faɗa, mai koyar da wani harshe daban zai iya cire misalaina ya sa nasa.

Kafin mu je ga sunayen hanyoyi, ɗauki biro mu yi lissafi. A ce kiran suna da bayani da rubutu a allo da kwafa sun cinye minti 30 cikin 40, wanda shi ne abin da na fi gani. Saura minti 10 na tambaya da amsa, ke ki tambaya, yaro ɗaya ya miƙe ya amsa. Ko da an yi raba-daidai tsakanin yara 60, kowanne sakan 10 zai samu. Darasi 3 a mako, mako 36 a shekara, minti 18 ke nan yaro ya yi yana magana da Faransanci a shekara guda. Kuma kin san ba a raba daidai, biyar ko shida na layin gaba ke kwashewa. Wa ya taɓa iya harshe da minti 18 a shekara? Yaranki ba daƙiƙai ba ne. Abin da aka ba su lokaci su yi, wato hadda, shi suka iya.

Ma'aunin da nake auna kowace hanya da shi ke nan: minti nawa kowane ɗalibi ya samu yana sauraron abin da yake fahimta, ko yana faɗin abin da yake nufi, da harshen da ake koya masa? Hanyar da ta ƙara waɗannan mintuna ki riƙe ta ko wane suna aka raɗa mata.

Tsohuwar matsala ce

A ƙarni na 19 an yi wani Bafaranshe malamin Latin, François Gouin, wanda ya tafi Hamburg don ya koyi Jamusanci. Da isarsa sai ya kulle kansa a ɗaki, ya haddace littafin nahawu da bauɗaɗɗun aikatau 248 cikin kwana 10. Ya fito da murna ya shiga ɗakin lacca, bai tsinci ko kalma ɗaya ba. Ya koma ya ƙara hadda, har ya kai ga haddace ƙamus mai kalma 30,000. Ya sake fitowa, jiya i yau. Da ya haƙura ya koma gida Faransa, sai ya tarar da ɗan ɗan'uwansa mai shekara 3, wanda ya bari bai iya magana ba, yana zuba Faransanci. Ya zuba wa yaron ido. Wata rana aka kai shi wajen injin niƙa, ya yi ta tambaya, da suka dawo gida ya tattara tarkace ya gina nasa injin, yana yi yana faɗin abin da yake yi mataki-mataki. Daga nan Gouin ya gane cewa yaro yana ɗaura magana ne a kan aiki, kuma a 1880 ya wallafa littafi a kan hanyar da ya gina bisa wannan lura.

Abin da Gouin ya yi a Hamburg shi ne hanyar nahawu da fassara, wadda aka gada daga koyar da Latin da Girkanci, harsunan da ake karantawa ba don a yi hira da su ba. Ita ce ke gudana a ajinki ba tare da kin zaɓe ta ba, domin da ita aka koyar da mu duka. Masu adawa da ita suka fito da hanyar kai-tsaye, wadda Maximilian Berlitz ya shahara da ita bayan ya buɗe makarantarsa a Providence ta Amurka a 1878: ba fassara, ba harshen gida, sai nuni da hoto da magana. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojan Amurka suka buƙaci masu jin harsuna da gaggawa, daga nan hanyar saurare da maimaitawa ta samo tushe, malami ya faɗa aji ya amsa har jimla ta zama jiki. Ta jingina da ra'ayin cewa harshe sabo ne kawai, ra'ayin da masanin harshe Noam Chomsky ya ragargaza a 1959 cikin sharhinsa a kan aikin masanin halayyar ɗan Adam B. F. Skinner. Malamai kuma suka lura yaro zai maimaita jimla 50 ba tuntuɓe, a fita waje ya kasa tambayar hanya. A shekarun 1970 aka koma ga hanyar sadarwa, bayan Dell Hymes ya nuna cewa iya harshe ya haɗa da sanin me za a faɗa, ga wa, a wane hali.

Shawarar da aka ba ku a bita gutsure biyu ne aka ɗinke: haramta harshen gida daga Berlitz, sakin yara su yi hira daga hanyar sadarwa. Sai dai makarantun Berlitz na manya ne masu biyan kuɗinsu, 'yan kaɗan a aji. An ɗauko rigar wani an sa wa ajinki. N. S. Prabhu, wanda ya jagoranci gwajin koyar da Turanci ta hanyar ba yara aiki a makarantun kudancin Indiya daga 1979, ya rubuta a 1990 cewa babu wata hanya da ta fi kowace. Abin da ya fi tasiri shi ne malami ya fahimci dalilin abin da yake yi. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari, don haka bari mu duba dalilan.

Ji, sannan faɗa

Mu Hausawa in mutum ya iya harshe, cewa muke yana jin harshen. Wane yana jin Larabci, wance ba ta jin Turanci. Harshenmu ya riga masana faɗar gaskiyar: kunne ne ƙofa. Stephen Krashen ya gina ra'ayinsa a kan wannan a farkon shekarun 1980, cewa harshe yana shiga mutum ne idan yana jin saƙon da yake fahimta, wanda ya ɗara matakinsa kaɗan, kuma tsoro da kunya suna toshe ƙofar. Kalmar da za ki ja wa layi ita ce fahimta. Malamar da ta yi minti 40 tana zuba Faransancin da yara ba su gane ba, ruwa ta zuba a bayan agwagwa. Wannan shi ne rabin abin da ya faru a makonninki biyu.

Wane irin sauƙi ake nufi? Binciken Marcella Hu da Paul Nation na 2000 ya nuna mai karatu yana buƙatar sanin kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin rubutu kafin ya fahimce shi ba tare da taimako ba, wato baƙuwar kalma ɗaya cikin 50. Ki buɗe littafin ajinki ki ƙirga baƙin kalmomi a sakin layi ɗaya, za ki ga dalilin sunkuyar da kan. A tsibirin Fiji, Warwick Elley da Francis Mangubhai sun zuba wa azuzuwan firamare na karkara littattafan labari na Turanci kimanin 250, kuma rahotonsu na 1983 ya nuna yaran sun ci gaba a karatu da saurare ninki biyu na yadda aka saba. In ba ki da littattafai 250, kina da bakinki da alli. Gajeren labari mai layi 10 da kika rubuta da kalmomin da suka sani ya fi shafin littafi da suke kallo kamar bango.

Amma ji kaɗai bai wadatar ba, kuma a kan Faransancin nan aka gano haka. Tun 1965 aka fara wani shiri a Saint-Lambert ta Kanada, inda ake koya wa 'ya'yan masu Turanci duk darussa da Faransanci. Bayan shekaru yaran suka kusa kamo 'yan asalin harshen a saurare da karatu, amma maganarsu da rubutunsu cike da kurakuran nahawu da suka ƙi fita. Merrill Swain ta bayyana dalili a 1985: mai saurare yana iya gane saƙo daga kalmomi da yanayi ba tare da ya kula da ginin jimla ba, sai ranar da aka tilasta masa ya faɗa da kansa yake gane inda ramin yake. Richard Schmidt, wanda ya riƙa rubuta yadda yake koyon harshen Fotugal a Brazil, ya ƙara da cewa abin da mutum bai lura da shi ba ba ya zama nasa, ko da yana jin sa kullum. A nan ne nahawu ya dawo. Aikinsa shi ne ya sa yaro ya lura.

Rabon da na fi amfana da shi na Paul Nation ne: a kasa lokaci gida huɗu daidai. Saurare da karatu don fahimta. Magana da rubutu don isar da saƙo. Nazarin harshen kansa, wato nahawu da furuci da kalmomi. Sai kuma sakin baki, inda yaro ke maimaita abin da ya riga ya sani har ya zo masa da sauri. A ajinki gida na uku ya cinye gidajen duka. A bita kuma aka ce ki rushe shi. Ki rage shi zuwa rubu'i, ki bar shi a wurinsa.

Hausa a cikin aji

Ina amfani da Hausa a aji, kuma ba na ɓoyewa. Na taɓa kallon wani malami ya ɓata minti 7 yana kwatanta kalmar "pourtant" da hannu da fuska, alhali da ya ce "amma duk da haka" an wuce wurin cikin sakan 2, a yi amfani da sauran lokacin ana gina jimloli da ita. Harshen da yaro ya zo da shi jari ne. Ɗalibi mai Turanci yana shan wuya kafin ya yarda wai tebur mace ce ko littafi namiji ne, namu kuwa da wannan suka tashi. Abin da za ki nuna musu kawai shi ne rabon jinsin ya bambanta: mu muna cewa rana ta fito, wata ya fito, Bafaranshe ya juya, "le soleil" namiji, "la lune" mace. Da na ba da wannan misali ba a sake tambayata me ya sa ake haddace suna tare da "le" ko "la" ɗinsa. Haka bambancin shuɗaɗɗun lokuta biyu da ke ba mutane ciwon kai. Ki rubuta "ina karatu ya shigo" a allo, ki rubuta "je lisais quand il est entré" a ƙarƙashinta. Ina karatu, aiki ne da ke gudana. Ya shigo, aiki ne da ya auku ya ƙare. Sun riga sun san bambancin tun suna goye. "Tu" da "vous" kuma, ai kamar kai da ku ne in ana girmama babba.

Hausar nan kuma ita ke nuna miki inda za su yi tuntuɓe. Ba mu raba "p" da "f", "v" kuma ba ta cikin baƙaƙenmu, saboda haka "port" da "fort" za su fito iri ɗaya, "vin" ya koma "bain". Ki sa su kalli bakin juna: leɓɓa a rufe gam sannan a saki, ko haƙoran sama a kan leɓen ƙasa. Minti 2 a kowane darasi ya fi darasi guda cur a zango.

Ƙa'idata ita ce, Hausa ta shigo da aiki ta fita da wuri. Gaisuwa, umarni, yabo, neman izini, "buɗe littafi", "ban gane ba", "sake faɗa", duk waɗannan da Faransanci tun makon farko, domin su ne maganganun gaskiya da aji ke samarwa kullum kyauta. Bayanin doka mai sarƙaƙiya da fassarar kalmar da ba ta nunuwa, da Hausa, a taƙaice.

Darasi ɗaya, daga shiga zuwa fita

Bari in nuna miki yadda nake koyar da shuɗaɗɗen lokaci. Ina shiga ina lalube aljihu, fuska a damuwa. "Hier, j'ai perdu ma clé." Wato jiya na ɓatar da mabuɗina. Na zana mabuɗi a allo. "J'ai cherché dans le sac," na zazzage jakata a kan tebur. "J'ai cherché sous la table," na durƙusa na leƙa. Na duba bayan ƙofa, na duba cikin littafi, na tambayi ƙanena, na kira abokina. Kafin in kai ga "j'ai trouvé", a cikin takalmi, sun ji "j'ai cherché" sau takwas ko fiye, kuma ba wanda ya ɗauke ido. Sai in sake ba da labarin, ina tsayawa a tsakiyar jimla su ƙarasa. Sannan tambayoyi, daga mai sauƙi: wadda amsarta e ko a'a, sai ta zaɓi, a jaka ko a takalmi, sai buɗaɗɗiya, ina na duba bayan tebur? Minti 12 sun tafi, ban ambaci sunan wata doka ba.

Yanzu sai in rubuta jimloli 5 daga labarin a allo, in ce me kuka gani yana maimaituwa? Wani zai ce "j'ai" a farko, wata ta ce "é" a ƙarshe. Su suka gano, ni sai in ɗaure musu da bayani na minti 5, da Hausa in ta kama. "Perdu" da bai bi sahu ba in ce su riƙe shi yadda yake, bayaninsa na nan tafe.

Sai aikinsu. Kowa ya rubuta jimla 3 a kan abin da ya yi jiya, biyu gaskiya, ɗaya ƙage. Na ba da aikatau 8 a gefen allo. Minti 5, ina zagawa ina duba littattafai. Daga nan kowa ya juya ga na kusa da shi ya karanta, ɗayan ya canki wadda aka ƙaga, ya yi tambaya ɗaya. Ba wanda ya tashi daga bencinsa. A wannan lokaci baki 30 ke magana a tare maimakon ɗaya. Na tafa, kowa ya juya ga na bayansa ya sake faɗa, wannan karon littafi a rufe. Na sake tafawa, abokin hira na uku, lokaci ya ragu. Dabarar ta samo asali ne daga wadda ake kira 4/3/2, inda ɗalibi ke ba da jawabi ɗaya ga mutum uku cikin minti 4, sannan 3, sannan 2. Ni na rage ta daidai ƙarfin masu farawa. A zagaye na uku za ki ji jimlar da ta fito da ƙyar tana fita sumul. Minti 3 na ƙarshe, a rufe komai, kowa ya rubuta jimla biyu daga labarin mabuɗi daga ka.

Ki sake lissafin. Minti 10 na aikin bibbiyu, kowane yaro ya samu minti 5. A darasi ɗaya ya samu abin da a da sai ya yi mako 10 kafin ya tara.

Abin da ya raba wannan da kasuwar da kika gani abu ne ƙarami. An ce wa yaranki su yi hira ba a ba su abin faɗa ba, ba a ba su kalmomin faɗarsa ba, ba a ba su dalilin sauraron juna ba. Yaron da aka ce ya yi hira da harshen da bai mallaka ba dole ya koma wanda ya mallaka. A aikin bibbiyu kowane ɗaya ya riƙe abin da ɗayan bai sani ba, a gwada aikin a gaban aji da ɗalibi ɗaya kafin a saki sauran, a yanka lokaci gajere, a kuma sanar cewa a ƙarshe za a kira wasu su faɗi abin da abokinsu ya ce. Alamar tsayawa, tafi ko ɗaga hannu, ki koyar da ita kamar darasi. Hayaniya kam za a yi. Ki sanar da shugaban makaranta da malamin ajin da ke maƙwabtaka da ke tun kafin su leƙo.

Gyaran kuskure

A shekarata ta farko akwai wata yarinya mai son amsa tambaya. Wata rana ta miƙe ta fara jimla, na tare ta sau uku kafin ta kai ƙarshe, aji ya yi dariya. Ba ta sake ɗaga hannu ba har shekara ta ƙare. Har yau abin yana damuna, kuma shi ya sa nake raba lokaci. In muna atisayen doka, ina gyara nan take. In yaro yana ƙoƙarin isar da saƙo, ina barin sa ya kai, in rubuta kuskuren a takardata, daga baya in sa jimloli 3 ko 4 a allo ba tare da sunan kowa ba, aji ya gyara.

Yadda ake gyaran ma da magana. Roy Lyster da Leila Ranta sun nazarci azuzuwan Faransanci a yankin Montreal, suka wallafa a 1997 cewa fiye da rabin gyaran malamai shi ne su maimaita jimlar yaro a gyare su wuce, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na irin wannan gyara yana wucewa ba tare da yaron ya nuna ya lura ba. Yana ɗauka malama ta amince da amsarsa ne. Wanda ya fi sa yaro ya gyara da kansa shi ne a mayar masa da ƙwallon. Ya ce "hier je mange", wato jiya ina ci maimakon jiya na ci, ki ɗaga gira ki ce "hier...?" ki yi nuni da hannu zuwa baya, ki jira. Jiran nan shi ne mai wuya. Mary Budd Rowe ta auna a azuzuwan kimiyya ta ga malamai kusan sakan 1 suke jira bayan tambaya, kuma in aka kai sakan 3 amsoshi suna tsawo, masu amsawa suna ƙaruwa. In haka ne da harshen da yaro ya iya, ina ga baƙo? Ki ƙirga biyar a zuci.

Wasu kurakuran kuma ba sa jin gyara sai lokacinsu ya yi. Larry Selinker ya nuna a 1972 cewa mai koyo yana gina wani harshe na tsaka-tsaki mai dokokinsa, yana rusawa yana sake gini. Kin koyar ranar Litinin, sun ci gwaji ranar Laraba, sun koma gidan jiya bayan wata guda: haka abin yake tafiya.

Wannan ya kawo mu ga mantuwa. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa yawancin abin da aka haddace yana zubewa ne a kwanakin farko. Maganin da aka tabbatar shi ne a riƙa tono abu daga ka, ana ba da tazara. A 2008 Jeffrey Karpicke da Henry Roediger sun koya wa ɗaliban jami'a kalmomin Swahili 40. Bayan mako guda, waɗanda aka ci gaba da yi musu tambaya sun tuna kusan kashi 80 cikin 100, waɗanda aka daina tambayarsu kuwa kusan kashi ɗaya cikin uku, ko da sun ci gaba da bitar kalmomin da ido. Saboda haka minti 4 na farkon kowane darasi, littafi a rufe: kalma 3 daga darasin jiya, 3 daga makon jiya, 3 daga watan jiya. Ba maki, ba bulala. Kuma ki zaɓi kalmomin da aka fi amfani da su. Michael West, wanda ya yi aikin koyarwa a Bengal cikin azuzuwa masu cunkoso irin naki, ya fitar da jerin kalmomin Turanci kimanin 2,000 a 1953 bisa wannan hujja.

Inda ƙarfin dabara ya ƙare

Dole in faɗa miki abin da duk wannan ba zai gyara ba. Cibiyar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta taɓa ƙiyasta awa 600 zuwa 750 na aji kafin babba mai Turanci ya iya aiki da Faransanci, Larabci kuwa awa 2,200, kuma a ƙananan azuzuwa, ba su da wani aiki sai shi. Ke awa 72 kike da ita a shekara. Shekara 6 ba ta kai awa 450 ba. Kada ki ɗora wa kanki ko yaran burin da lokaci bai ba da shi ba. Ma'aunin Majalisar Turai na 2001 ya kasa iya harshe mataki 6, daga A1 zuwa C2. In yaranki suka fita sakandare a A2 na gaske, suna iya gabatar da kansu, su yi tambaya, su ba da labarin jiya, su karanta gajeren saƙo, kin yi aiki. Abin da zai ɗaga su sama da haka yana wajen aji ne, rediyo da waƙa da karatu da waya, kuma aikinki ki sa musu son su nema.

Sai jarrabawa. Muddin nahawu kaɗai take tambaya, yara da iyaye za su auna ki da shi, kuma suna da gaskiyarsu. Ba ki da iko da jarrabawar ƙarshe, amma makin aji yana hannunki. Ki ware wani kaso na magana, ki riƙa sauraron yara 5 a kowane darasi lokacin aikin bibbiyu kina ba da maki, cikin wata guda kin zagaye ajin. Daga abin da na gani, makin nahawun ba ya faɗuwa, domin jimlar da yaro ya faɗa sau 20 yana gane ta a takarda.

Ki kuma sani cewa yawancin binciken da na ambata an yi su ne a azuzuwan da ba su kai naki cika ba, don haka gwaji a ajinki shi ne alƙali. Kada ki sauya komai rana ɗaya. Mako mai zuwa ki fara da abu biyu kawai, tambayoyin minti 4 na farkon darasi da aikin bibbiyu guda ɗaya na minti 5. Ki roƙi wata abokiyar aikinki ta zauna a baya da agogo, ta zaɓi yaro ɗaya daga bencin ƙarshe ba tare da ya sani ba, ta rubuta sakan nawa ya yi yana magana da Faransanci. Ta yi haka a darasin farko, ta sake yi bayan mako 6. Ki rubuto mini lambobin biyu, da aikin da ya ƙi tafiya, sai mu duba tare. Allah ya taimaka, Malama.